Fassarar da Aka Jingina wa Malam Yero

Gwangwani goma sha biyu Hamsatu ta tono daga ramin toka da ke bayan ɗakin magani a Bagudo, ranar Laraba da hantsi, kuma babu ko ɗaya da wuta ta fasa. Dukkansu da wuƙa aka yanke bakinsu, yanka mai kyau, kafin a jefa su. Ta sa kara ta juya tokar har ta taɓa jar ƙasa. Ga gawayin katako, ga ƙusoshi, ga guntun igiya. Ƙwayar magani kuwa, ko burbushinta babu. Duk macen da ta taɓa mance tuwo a wuta ta san abin da ya ƙone sai ya bar ƙanzo. Ƙwaya dubbai ba za su tashi sama kamar hayaƙin taba ba.

Ta tattara gwangwanayen a gefen zanenta ta zagayo gaba.

Bazara ce ta farko bayan samun mulkin kai. Sanƙarau ya shigo ta wajen Kende, yana bin gari unguwa-unguwa. Mutum tara ne kwance a barandar ɗakin maganin, ta tara ita ce Mariyamu, 'yar Hamsatu mai shekara uku, wadda ta kwana da zazzaɓi ta wayi gari wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa. Uban yarinyar, Ango, yana zaune a kanta yana shafa mata jiƙaƙƙen tsumma. Malam Bunyaminu mai ba da magani bai ɓoye musu komai ba: ƙwayoyinsa sun ƙare tun makon jiya, na Birnin Kebbi sai bayan kwana biyar, yarinyar kuma ba ta da kwana biyar. Akwai akwatin da wasu likitocin Jamus masu aiki a Dahome suka aiko kyauta ranar Litinin, amma jiya an ƙone shi, saboda takardar da ta zo da shi ta ce maganin ya lalace. Da Hamsatu ta tambaye shi wa ya fassara takardar, sai ya kau da kai ya ce mahaifinta ne.

Abin da ya kai ta ramin ke nan. Mahaifinta, Malam Yero, shi kaɗai ke jin Jamusanci daga nan har Dole Kaina. Yana yaro ya bi ayarin goro ya maƙale a Mango shekara goma sha ɗaya, zamanin Jamus na riƙe da ƙasar, yana aiki a gidan likitansu. Turanci daga baya ya koya, lokacin yana tafintan kotu. Yanzu ido ya yi rauni, don haka shi ke faɗa, Hamsatu da ta gama elemantare ke rubutawa, sannan a kai wa Na'Allah mai buga takardu a bakin kasuwa ya buga da tafireta. Wannan takarda kuwa ba ta taɓa ganinta ba.

Saje Namadi, babban ɗan dokan garin, ya zo kafin rana ta take tsaka. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin magana. Ya jera gwangwanayen a kan benci, ya shafa bakin kowane da yatsa, ya yarda cewa sata ce. Sai ya soma da wanda ya kawo kayan.

Ɗanaudu mai jakai ya zo yana mita, don an tare shi yana ɗaura kayan komawa iyaka. Ya ce shi akwati aka ba shi a rufe, ya ƙetare Kwara da shi a rufe, ya sauke shi a rufe. In ana neman wanda ya buɗe, a tambayi jakin, shi ya ɗauka. Malam Bunyaminu ya tabbatar: a gabansa aka cire ƙusa, ya girgiza gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, duk a liƙe suke, duk cike. Saje ya sallami Ɗanaudu, amma ya ce kada jakinsa ya bar gari sai ya ji daga gare shi.

Da aka zo kan Malam Bunyaminu, ya buɗe kwabarsa ya fito da takardu biyu maƙale da allura: ta Jamusanci, rubutun hannu, da fassararta ta Turanci a buge. Ya ce ranar Litinin marasa lafiya sun hana shi motsi, sai ya ba Na'Allah takardar ya kai wa Malam Yero, tunda dama shi zai buga. Talata da safe fassara ta dawo. Doka ta ce lalataccen magani a ƙone shi gaban shaida mai karatu, ya ƙone shi gaban Na'Allah.

Hamsatu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Ta cire shi daga zargi tun kafin ya rufe baki. Ɓarawo ba ya adana asalin takardar da zai tona masa asiri, kuma yaro na uku a jerin tabarmin baranda ɗan ƙanwarsa ne. Amma ta lura yana maganar ƙonawar idonsa na ƙasa.

Saje ya nuna ƙasan fassarar. Sunan Malam Yero ne da ajami, da 'yar karkatar da hannunsa ke yi.

Na'Allah ya karɓe su a rumfarsa da fara'a. Mutum ne mai tsabta, farar riga, alƙalami biyu a aljihu. Rabin takardun ofishin Saje ma shi ke bugawa. Ya ce Malam Yero da kansa ya zo ranar Litinin bayan la'asar, ya zauna a kan wannan kujerar, ya karanta takardar da gilashinsa, yana faɗa shi yana bugawa, ya sa hannu. Mahauta da mai sai da gishiri duk sun gan shi. Aka tambaye su, suka ce lallai sun gan shi, har sun gaisa.

"Ni hannu ne kurum, Saje," in ji Na'Allah. "Abin da baki ya hwaɗi shi nika bugawa. Jamusanci kuwa, ko gaisuwassu ban iya ba."

A zauren gidansa suka iske Malam Yero. Ya kusantar da takardar har tana taɓa hancinsa, ya daɗe, sannan ya ce sa hannun nasa ne. Ya je rumfar ranar Litinin, haka ne, amma don wasiƙar wani mai fatu. Na'Allah ya miƙo masa takarda uku ya ce kwafi uku ne, ya sa hannu a duka. Wasiƙar likitoci kuwa yau ya fara jin labarinta.

Saje ya tauna goro. Daga nan ya faɗi lissafinsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Tagar ɗakin ajiyar magani ba ta da ƙarfe. Wani ya shiga ya kwashe ƙwayoyin, aka shirya takarda don wuta ta rufe sawu. Malam Yero yana da abokai da surukai a ƙetaren iyaka, inda ƙwayar sanƙarau ta fi zinariya tsada a bana. Ga shaidu, ga sa hannu. Ya ce za a bincike gidan, in ba a samu ba a tura mutum ƙetare.

Hamsatu ta yi nata lissafin. Binciken gida zai cinye yinin yau, zuwa ƙetare da dawowa zai cinye gobe da jibi. Ta ce masa ita ke rubuta wa Baba duk fassararsa, kuma wannan Turancin ba na bakinsa ba ne.

"Ɗiya ba ta yi ma uba shaida, Hamsatu."

"Ba shaida zan yi ba. Ka ba shi ta Jamusancin ya fassara yanzu gabanka. Malam Bunyaminu ya riƙe bugaggiyar, ya bi layi-layi. Awa guda nika roƙo, Saje. In ta wuce ka birkice gidan."

Ya dubi rana ta ƙofar zaure, ya ce awa guda.

Aka kira Malam Bunyaminu. Malam Yero ya goge gilashinsa da bakin riga, Hamsatu ta ɗora allo a cinya ta shimfiɗa takarda. Bai yi layi ɗaya ba ya tsaya, kamar yadda ya saba, a kan wata kalma. Ya furta ta sau biyu: Sorge. Ya ce wannan kalma 'yan'uwa huɗu gare ta a Turanci, uwa ɗaya uba daban-daban, kuma wanda ya ɗauki na farkon da ya zo masa a baki ya yi wa mai wasiƙa ƙarya. Tambaya biyu yake mata kullum. Abin ya riga ya faru ne, ko tsoron faruwarsa ake? A ƙirji ake jinsa, ko da hannu ake yinsa?

Saje ya gyara zama, ya ce ba makaranta ya zo ba.

"Haƙuri, ɗana. Shi ne aikin duka," in ji tsohon. "In an kai yaro kushewa, abin da ya saura ga uwar shi ne sorrow. In yaron na lumfashi tana zaune kanai ba ta barci, worry ne. In ta tashi ta jiƙa tsumma, ta koma care. In ko kana nesa, ɗan wani ne, ka ji labari zuciyarka ta tahi can, ka rubuta concern. Likitocin ga suna nesa. Rubuta concern, ɗiyata."

Ta rubuta. Layin farko ya zama cewa hankalinsu ya tashi da jin cutar sanƙarewar wuya ta iso garin. Malam Bunyaminu ya duba tasa ya ce a nan sorrow aka sa, baƙin ciki.

A tsakiyar wasiƙar kalmar ta sake fitowa. Malam Yero ya ce nan aikin hannu ne, care: a kula a ajiye akwatin a inuwa, maganin sabo ne, zai kai shekara biyu. Malam Bunyaminu ya karanta tasa a hankali. An rubuta su ɗauki baƙin ciki, akwatin ya zauna a rana, magani ya lalace, a ƙone shi. Ya ce shi ma maganar ɗaukar baƙin cikin ta yi masa wani iri, amma ya zaci haka Jamus ke ba da haƙuri. A ƙarshen wasiƙar, wajen sallama, tsohon ya zaɓi worry, fargaba saboda yaranku. A bugaggiyar, baƙin ciki ne karo na uku.

Malam Yero ya ajiye gilashi. Ya ce wanda ya yi wannan bai taɓa jin Bajamushe ya buɗe baki ba. Aikin ƙamus ne. Littafin yakan jero 'yan'uwan kalma a layi ɗaya, mai gaggawa ya cafke ta farko ya wuce, ko'ina ya same ta haka zai yi. Shi kuwa bai taɓa mallakar irin littafin ba, da kunne ya koya.

Saje bai girgiza ba. Ya ce yanzu dai an tabbatar takardar ƙarya ce, wannan ya yarda. Amma mai wayo na iya fassara iri ɗaya ranar Litinin, wani iri ranar Laraba. In akwai littafi, a nuna masa littafi. Shi ba zai kwance rumfar mutumin kirki ba don kalma ta yi kama da 'yar'uwarta.

Awar ta kusa cika. Hamsatu ta zauna tana kallon layin tsakiya. Ku ɗauki baƙin ciki. Ba Turanci ba ne, ba Hausa ba ne, amma kunnenta ya san shi. Ta taɓa jinsa ana dariya a bakin rijiya. Sai ta tuna. Wata uku da suka wuce, Sambo tela ya sayo sabon keken ɗinki ɗan Jamus, ya riƙa ba abokansa labari cewa takardar keken ta ce a ɗauki baƙin ciki a zuba masa mai duk sati. Har yau in ya ɗauko kwalbar mai, sai matasan rumfar su tambaye shi wa ya mutu.

Ta roƙi Saje ya biyo ta. Hanyar ta bi ta gaban ɗakin magani. Ta tsaya ta taɓa goshin yarinyar, zafi kamar murfin tukunya. Ango ya ce tun ɗazu ba ta karɓi ruwa ba. Hamsatu ta nuna masa yadda zai riƙa ɗiga mata da tsinken cokali ta gefen baki, ta gyara mata zane, ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, babu lokacinsa.

Sambo yana kan kekensa. Ganin ɗan doka da 'yar Malam Yero tare ya sa ƙafarsa ta tsaya. Hamsatu ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce takardar keke take so ta gani.

"Kai, zancen baƙin cikin nan bai mutu ba? Har da hukuma?"

"Kawu Sambo, wa ya fassara maka?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce don Allah kada Malam ya ji. Ba raini ba ne. Malam in ka kai masa takarda sai ya kwana biyu yana tambayarka ko allurar a ƙirji take ko a hannu, shi kuma ga ɗinkin salla ya taru. Na'Allah ne ya ce ya kawo, cikin awa ɗaya ya gama masa, ya kuma ce kada ya faɗa wa kowa don kada tsoho ya ji ba daɗi. Ya jawo fassarar daga ƙarƙashin ƙyallaye, duk tabon mai. Hamsatu ta sa ta gefen ta likitoci, ta ɗora yatsa a nan, ta ɗora a can. Saje ba gwanin Turanci ba ne, amma ya iya gane kalma biyu iri ɗaya in an jera masa su. Ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya tofar da goron bakinsa.

Ya aika a kira Malam Bunyaminu da Ɗanaudu, da jakinsa da kayan da ke kai, su same shi a rumfar Na'Allah.

Na'Allah yana buga wa wata tsohuwa wasiƙa suka iso. Saje ya jira ya gama, tsohuwar ta tafi. Sannan ya zauna a kujerar da aka ce Malam Yero ya zauna.

"Ɗazu ka ce ko gaisuwar Jamus ba ka iya ba."

"Haka na ce."

"Wa ya fassara ma Sambo takardar keke?"

Na'Allah ya dubi Sambo da ya biyo su yana raɓe-raɓe. Ya ce wannan taimako ne kawai, hotuna ya bi ya yi ƙiyasi.

"Hoto ne ya ce a ɗauki baƙin ciki?" Hamsatu ta tambaya.

Na'Allah ya kau da kai. Ya ce wa Saje bai saba mace ta tuhume shi a rumfarsa ba. Saje ya ce to shi ai namiji ne, ya sa hannu ya ɗaga tafiretar. Ƙarƙashinta akwatin katakonta ne, a ciki ga takardun kabon, ga ƙyallen goge-goge, ga wani ɗan littafi mai kauri da bango ya rabu da shi. Hamsatu ta karɓa. Ba ta sha wuya ba, shafin da kansa ya buɗe don yawan dannawa. Ga kalmar, ga 'yan'uwanta a jere a gabanta, ta farkonsu ita ce wadda ta fito sau uku a takardar likitoci, sau ɗaya a ta keke. A wani shafin an ja layi da fensir ƙarƙashin kalmar da ke nufin sanƙarewar wuya.

Na'Allah ya ce mallakar littafi ba laifi ba ne. Kuma Malam Bunyaminu shaida ne, a gabansa aka ƙone akwatin.

Hamsatu ta juya wajen mai maganin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ɗan ƙanwarka na kwance baranda ɗaya da tawa. Ka tsaya har wuta ta ci?"

Malam Bunyaminu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a'a. Sun kai akwatin bakin rami ke nan aka kira shi, wata mata ta suma. Na'Allah ya ce ya tafi, shi zai ƙarasa. Da ya dawo bayan kusan awa, wuta ta riga ta kama. Ya ɓoye ne don doka ta ce ya tsaya, yana tsoron aikinsa.

Saje ya juya ga Ɗanaudu, ya tambaye shi kayan wa da wa ke kan jakin. Ɗanaudu ya lissafa: busasshen kifi na wance, tabarmi na wane, sai garwar man shanu ta Na'Allah, za a kai wa surukinsa a ƙetare, jiya da la'asar ya kawo ta.

"Man shanu cikin wanga zahi," in ji Hamsatu. "Girgiza ta mu ji."

Ɗanaudu ya sauke garwar ya girgiza. Man shanu a bazara ruwa ne, da an motsa shi sai ya yi ƙara. Wannan shiru ta yi. Ya ce dama tun jiya yake mamaki, bai taɓa ɗaukar man shanu mai kunya irin wannan ba, ga shi ba nauyi. Saje ya sa wuƙa ya ɓalle murfin da aka liƙe da ƙaro. Auduga ce a sama. Ƙarƙashinta fararen ƙwayoyi ne, cike har wuya.

Mutane sun riga sun taru. Saje ya miƙe ya yi bayani a taƙaice, don kada gobe a ce an kama mai farar riga a kan maganar mace. Ya ce takarda ta faɗa hannun Na'Allah ranar Litinin. Ya buɗe littafinsa don ya san abin da ke cikin akwatin, ya gane maganin sanƙarau ne. Ya san Malam Bunyaminu zai adana asalin wasiƙar, wata rana wani na iya dubawa, don haka bai ƙirƙiri tasa daga sama ba. Ya fassara farko da ƙarshe yadda littafi ya ba shi, ya cusa ƙaryarsa a tsakiya. Ya cusa takardar cikin kwafin mai fatu, tsoho mai raunin ido ya sa hannu gaban mahauta. Ranar Talata ya samu awa guda shi kaɗai a bakin rami, ya yanke gwangwanaye, ya juye a garwa, ya yi amfani da audugar akwatin, ya cinna wa sauran wuta. Komai ya shirya, sai abu ɗaya: ya samu sa hannun Malam Yero, bai kwaikwayi jinkirinsa ba. Malam kan zauna da kalma har ta faɗa masa wace ce ita. Shi kuwa ta farko a layi yake ɗauka, haka ya yi wa keke, haka ya yi wa likitoci.

Na'Allah ya ce, cikin ƙaramar murya, shi bai yi zaton cutar za ta yi tsanani haka ba.

"Biyu anka rufe jiya bayan azahar," in ji Saje. "Ka ji salla daga rumfarka."

Ya sa aka tafi da shi. Garwar kuwa, bisa ƙa'ida kayan shaida ce, ofis ya kamata ta kwana. Saje ya ɗebi ƙwaya goma ya ƙulle a hankicinsa, ya ce wannan ta ishi alƙali. Sauran ya ɗora wa Ɗanaudu a ka, ya ce ya wuce gaba.

Saura abu ɗaya. Ƙwayoyin ba irin waɗanda Malam Bunyaminu ya saba da su ba ne, sun fi girma, kuma bayanin yadda ake ba yara yana bayan wasiƙar, da Jamusanci. Aka kawo Malam Yero baranda, aka shimfiɗa masa buzu kusa da jikarsa. Ya goge gilashi. A layi na biyu ya tsaya. Kalma ce ta awon ruwa, ya ce tana iya zama kurɓi, tana iya zama ɗan kaɗan, tana iya zama mai yawa gwargwadon yadda aka ɗora ta, sai ya ga abin da ya biyo baya.

Hamsatu tana durƙushe da cokali a hannu, ta riga ta niƙa rabin ƙwaya a cikinsa. Numfashin yarinyar na fita da sauri-sauri. Duk jikinta na ce mata ta ce Baba ya yi sauri. Ta cije leɓe ta jira. Ya karanta layi na uku, ya koma na biyu, ya sake karantawa. Sannan ya ce ruwa mai yawa ne, ba kurɓi ba. In ba a bi maganin da ruwa sosai ba yana taɓa ƙoda. Kuma karon farko ninki biyu ake ba wa, daga nan rabi-rabi duk awa huɗu.

Ta ƙara rabin ƙwaya a cokalin. Ango ya tallafo kan, ita ta riƙa ɗigawa ta gefen baki, tana shafa maƙogwaron da yatsa har ya wuce. Malam Bunyaminu ya bi sauran tabarmin da garwar a hannu. Hamsatu ta aika gida a kawo tulu biyu da duk moɗar da ke akwai, ta raba wa iyayen baranda, ta gaya musu abin da Baba ya ce game da ruwa, ta sa kowace ta maimaita mata.

Ba duka suka tashi ba. Ɗan ƙanwar Malam Bunyaminu ya cika ranar Alhamis da safe, kwanansa huɗu da ciwo, maganin ya same shi a makare. Hamsatu ta taya iyayensa wanke tabarmarsa, ta dawo ta zauna wurinta. Ba ta da agogo, inuwar ginshiƙin baranda take bi, ta zana layuka a ƙasa da gawayi.

Ranar Asabar da hantsi tana dama kunu a gefe, kaza ta shigo baranda tana tsattsagar hatsin da ya zube kusa da tabarma. Mariyamu ta buɗe ido. Ta bi kazar da kallo, kazar ta zagayo ta wajen ƙafafunta, yarinyar ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji don ta gan ta. Ta ce a kore ta, za ta cinye mata kunu.

Hamsatu ta kori kazar. Ta taɓa kunun da bayan hannu ta ji ya huce, ta ɗago yarinyar ta jingina ta da ƙirjinta, ta soma ba ta.